Tambayoyi da Amsoshi kan Dokokin Ƙwadago: Hakkin Ma'aikaci, Kariya a Wurin Aiki da Horaswa

Kowace ƙasa da dokarta, saboda haka an gina waɗannan amsoshi a kan yarjejeniyoyin Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wato ILO, waɗanda dokokin ƙasashe da yawa suka ɗebo daga cikinsu, sannan an kawo misalan yadda wasu ƙasashe suka tsara nasu. Duk inda aka ambaci adadin kwanaki ko kaso, a gwada shi da dokar ƙasar da ake aikin.

1. Me dokar ƙwadago take tsarawa, kuma wa take karewa?

Tana tsara alaƙar mai yin aiki da mai biyansa: yadda za a ɗauka, awa nawa za a yi, nawa za a biya, yadda za a kare lafiya, da yadda za a rabu. An ware ta daga sauran dokokin ciniki saboda ɓangarorin biyu ba ƙarfinsu ɗaya ba. Wanda ya daɗe yana neman aiki zai sa hannu a kan kusan duk abin da aka miƙo masa. Shi ya sa doka take kafa mafi ƙarancin hakki, yarjejeniya tana iya ƙarawa a kansa amma ba ta isa ta rage ba. Ko ma'aikaci ya rubuta da hannunsa cewa ya yafe hutun shekara, a mafi yawan ƙasashe kotu ba za ta kula wannan rubutu ba.

Sai dai ba kowa doka ɗaya take rufewa ba. A Najeriya babbar Dokar Ƙwadago ta fi shafar leburori da ƙananan ma'aikatan ofis, manajoji da ƙwararru kuwa sun fi dogara da abin da ke cikin kwantiraginsu. Ƙasashe da dama suna yi wa sojoji, 'yan sanda ko ma'aikatan gwamnati tsari daban.

2. Yarjejeniyoyin ILO doka ce a kan kowace ƙasa?

Sai a kan ƙasar da ta amince da su a hukumance. An kafa ILO a 1919, tana da ƙasashe 187, kuma a babban taronta kowace ƙasa tana tura wakilai huɗu: biyu na gwamnati, ɗaya na masu ɗaukar aiki, ɗaya na ma'aikata, kowa da ƙuri'arsa. Abin da taron ke fitarwa iri biyu ne. Yarjejeniya tana ɗaure ƙasar da ta amince da ita. Shawara kuwa jagora ce kawai.

Akwai abubuwa biyar da ake sa ran kowace ƙasa memba ta mutunta ko ba ta amince da yarjejeniyarsu ba: 'yancin kafa ƙungiya da tattauna albashi a ƙungiyance, kawar da aikin tilas, kawar da bautar da yara, hana nuna bambanci, sai kuma wurin aiki mai aminci, wanda aka ƙara a 2022. Ma'aikaci ɗaya ba ya kai ƙarar kamfaninsa ILO. Kotun ƙasarsa zai je (duba tambaya ta 20).

3. An ɗauke ni aiki da baki, babu takarda. Ina da hakki?

Kana da shi. Yarjejeniyar baki tana ƙulla aiki, kuma nauyin bayar da takarda a kan mai ɗaukar aiki yake. A Najeriya doka ta ba shi wata uku ya miƙa sharuɗɗan a rubuce. A Birtaniya tun daga Afrilun 2020 sai ya miƙa su tun ranar fara aiki. Matsalar rashin takarda tana fitowa ne ranar da aka yi gardama a kan nawa ne albashin, ko yaushe aka fara.

Takardar kirki tana ɗauke da sunan kamfanin da ya ɗauka kamar yadda yake a rajista, irin aikin, ranar farawa, albashi da ranar biya, awannin aiki, hutu, tsawon lokacin gwaji, da notis ɗin rabuwa. A lura da sunan kamfanin sosai, domin sau da yawa wanda kake gani kullum daban ne da wanda sunansa ke kan takarda. Idan an ƙi ba ka komai, tara abin da ke hannunka: saƙon shigar kuɗi daga banki, katin shaida na wurin aiki, jadawalin aiki, saƙonnin waya da ake ba ka umarni.

4. Ana kirana ɗan kwangila ko na wucin gadi, amma kullum ina wurin aiki. Wane ne ni a idon doka?

Shawarar ILO mai lamba 198 ta 2006 ta ce a duba yadda aikin yake gudana a zahiri, sunan da aka lanƙaya masa a takarda ya biyo baya. Tambayoyin da alƙali zai yi sanannu ne. Wa ke tsara lokacin zuwa da tashi? Wa ke ba da umarnin yadda za a yi aikin? Kayan aikin na wa ne? Za ka iya tura wani a madadinka? Ana biyanka ne duk mako ko wata, kuma wannan ne kusan duk abin da kake samu? Idan an yi asara, wa ke ɗauka? Idan amsoshin suka taru a kan kamfani, ma'aikaci ne kai, komai sunan da aka ba ka.

Da irin wannan awo ne Kotun Ƙolin Birtaniya ta yanke a Fabrairun 2021 cewa direbobin Uber da suka kai ƙara sun cancanci mafi ƙarancin albashi da hutu mai biya, saboda kamfanin ne ke yanke kuɗin tafiya kuma yake sa ido a kan yadda suke aiki. Wata dabarar da aka saba gani ita ce sabunta gajeren kwantiragi sau da yawa tare da barin 'yan kwanaki a tsakani don kada shekarun aiki su taru. Dokoki da yawa suna mayar da irin wannan aiki na dindindin bayan wani adadi.

5. Awa nawa doka ta yarda a yi, kuma yaya ake biyan ƙarin lokaci?

Yarjejeniyar farko da ILO ta yi a 1919 a kan wannan ce: awa 8 a rana, awa 48 a mako a masana'antu, kuma kuɗin ƙarin lokaci kada ya gaza kuɗin awa ɗaya da rubu'insa. Ta 1921 ta ƙara hutun awa 24 a jere cikin kowane kwana bakwai. A Amurka dokar 1938 ta sa duk awar da ta haura 40 a mako ana biyanta ɗaya da rabi. Tarayyar Turai ta ƙayyade awa 48 a matsakaici har da ƙarin lokaci, da hutun awa 11 a jere kowace rana.

Wannan iyaka maganar lafiya ce kamar yadda take maganar kuɗi. Binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya da ILO suka fitar a 2021 ya danganta mutuwar mutum 745,000 a shekarar 2016 da aikin awa 55 ko fiye a mako, ta hanyar shanyewar ɓarin jiki da ciwon zuciya. Wanda ke neman kuɗin ƙarin lokaci kuma ya riƙa rubuta lokacin shigarsa da fitarsa kowace rana, domin rajistar kamfani tana hannun wanda zai yi jayayya da shi.

6. Ana iya cire kuɗi daga albashina don tara ko asarar kaya?

Yarjejeniyar ILO ta 95 ta 1949 ta ce ba a cire komai sai abin da doka, ko yarjejeniyar ƙungiya, ko hukuncin sasanci ya halatta, kuma sai an sanar da ma'aikaci. Haraji, kuɗin fansho da na ƙungiya suna cikin abin da aka saba. Tarar da shugaba ya ƙirƙira da kansa saboda makara, ko raba asarar kaya a kan duk ma'aikatan sashe ba tare da bincike ba, su ne aka fi rushewa a kotu. Yarjejeniyar ta kuma ce a biya da kuɗin ƙasa, kai tsaye ga ma'aikacin, a kan kari. Ba a biya da takardar alkawari, ba a tilasta masa sayayya a shagon kamfani, kuma idan kamfani ya karye, albashin ma'aikata yana cikin basukan da ake fifitawa.

Haka nan ba a cire kuɗi a matsayin ladan samar maka da aikin. Yarjejeniya ta 181 ta 1997 ta hana kamfanonin dillancin aiki cajin ma'aikaci, sai a wasu 'yan wurare da doka ta keɓe.

7. Hutun shekara kwana nawa ne?

Mizanin Yarjejeniya ta 132 ta 1970 shi ne mako uku na aiki a shekara tare da cikakken albashi, ba a lissafa ranakun hutun ƙasa a ciki, kuma mako biyu daga ciki a sha su a jere. Tarayyar Turai tana ba da mako huɗu. Dokar Najeriya ta tsaya a kwana 6 na aiki, ko da yake kwantiragi da yawa sun fi haka. Wanda ya bar aiki da ragowar hutu ana biyansa kuɗinsa.

8. Ina da juna biyu. Za a iya sallamata, kuma me zan samu?

Yarjejeniya ta 183 ta 2000 ta ba ki aƙalla mako 14, shida daga ciki dole ne bayan haihuwa, da kuɗin da bai gaza kashi biyu cikin uku na albashinki ba. Tana ba ki damar komawa kan muƙaminki ko makamancinsa a albashi ɗaya, da lokacin shayarwa da ake lissafa shi a matsayin aiki. Idan aka sallame ki a wannan tsakani, mai ɗaukar aiki ne zai tabbatar cewa dalilin bai shafi cikin ba. Ki sanar da su a rubuce tare da takardar asibiti, ki riƙe kwafi mai kwanan wata, don kada daga baya a ce ba a sani ba.

9. Ana iya korar mutum ba dalili?

A nan dokoki suka fi saɓawa. Yarjejeniya ta 158 ta 1982 ta ce dole a sami dalili ingantacce, kuma iri uku ne kawai: gazawa a aiki, rashin ɗa'a, ko buƙatar kamfani ta rage ma'aikata. Shiga ƙungiya, kai ƙorafi, jinsi, addini, ƙabila, juna biyu ko rashin lafiya na ɗan lokaci ba dalili ba ne. Kafin a kori mutum kan laifi sai an faɗa masa tuhumar an ba shi damar kare kansa. Ƙasashen da suka amince da wannan yarjejeniya ba su kai 40 ba, kuma a kusan duk jihohin Amurka ana iya sallama ba tare da faɗin dalili ba matuƙar ba wariya ko ramuwar gayya ba ce.

Notis yakan ƙaru da shekarun aiki. A Najeriya kwana ɗaya ne ga wanda bai wuce wata uku ba, mako ɗaya har zuwa shekara biyu, mako biyu har zuwa shekara biyar, wata ɗaya daga nan zuwa sama. Ana iya biyan kuɗi a madadinsa. Babban laifi kamar sata yana soke notis, amma ba ya soke albashin kwanakin da aka riga aka yi.

Masu ɗaukar aiki sun fi faɗuwa a kotu saboda hanyar da suka bi, ko da laifin gaskiya ne: babu takardar tuhuma, babu zaman sauraro, ko wanda ya kawo ƙarar shi ne ya yanke hukunci.

10. An ce in rubuta takardar ajiye aiki da kaina don kada sunana ya ɓaci. In rubuta?

Kada ka rubuta a wurin. Wanda ya ajiye aiki da kansa yakan rasa kuɗin notis, kuɗin sallama da damar ƙalubalantar korar. Ka nemi lokaci, ka nemi a ba ka tayin a rubuce, ka nuna wa wakilin ƙungiya ko lauya. Haka ma takardar da ke cewa ka karɓi duk hakkinka babu sauran magana. Idan an riga an tilasta maka, ka rubuta musu nan da nan cewa ba da son ranka ka sa hannu ba, domin kotuna da yawa suna ɗaukar murabus na dole a matsayin kora.

11. Za a iya hana ni shiga ƙungiyar ƙwadago ko yajin aiki?

Yarjejeniya ta 87 ta 1948 da ta 98 ta 1949 sun ba ma'aikata damar kafa ƙungiya ba tare da neman izini ba, sun kuma hana a hukunta mutum saboda ita. Yajin aiki kuwa yana da matakai a kusan ko'ina: yunƙurin sasanci, ƙuri'ar membobi, sannan notis. Yajin da ya tsallake matakan yana iya rasa kariyar doka. Ana taƙaita shi a ayyukan da tsayawarsu ke barazana ga rai, kuma a ƙasashe da yawa ba a biyan albashin kwanakin yaji.

12. Nauyin kare lafiya a wurin aiki a kan wa yake? Ni zan sayi kayan kariya?

A kan wanda ke da iko da wurin. Yarjejeniya ta 155 ta 1981 ta ɗora wa mai ɗaukar aiki tabbatar da cewa wuri, injuna, sinadarai da tsarin aiki ba su da hatsari gwargwadon iko, ta kuma ce matakan kariya kada su ci wa ma'aikaci ko sisi. Hular kwano, takalmin aiki, safar hannu, tabarau da abin toshe kunne duk kamfani ne zai saya, ya kuma sauya su idan sun lalace. Idan kamfanoni biyu suna aiki a wuri ɗaya, kamar a filin gini, dole su haɗa kai, babu mai cewa yaran ɗan kwangila ba ruwansa da su.

Nauyin ma'aikaci shi ne bin umarnin kariya, amfani da kayan da aka ba shi, barin murfin inji a inda yake, da kai rahoton hatsari. Ƙiyasin da ILO ta fitar a 2023 ya nuna kusan mutum miliyan 3 ke mutuwa duk shekara sanadiyyar aiki. Kimanin 330,000 ne kawai daga haɗurra, sauran daga cututtuka ne (duba tambaya ta 17).

13. Mene ne tantance hatsari, kuma yaya ake yinsa?

Shi ne a zagaya wurin aiki a gano abin da zai iya cutarwa, wa zai cutar, me ake yi a kai yanzu, me ya rage a yi, wa zai yi kuma yaushe. A Birtaniya duk mai ma'aikata biyar ko fiye sai ya rubuta shi. Ana sake dubawa idan an kawo sabon inji, an canza tsari, ko an tsallake rijiya da baya. Wanda aka rubuta a ofis ba tare da tambayar masu riƙe da injin ba yawanci ba ya kama komai, domin su suka san inda ake yanke hanya idan aiki ya matse.

Magance hatsarin yana da jeri, daga mafi ƙarfi zuwa mafi rauni. Ɗauki misalin yankan dutse, wanda ƙurarsa ke lalata huhu. Mataki na farko a kawar da yankan gaba ɗaya ta hanyar sayo dutsen a yanke. Idan ba hali, a sauya shi da kayan da ba su da wannan ƙura sosai. Idan ba hali, a gyara injin: a sa masa bututun ruwa a bakin yanka, ko na'urar zuƙe ƙura. Bayan nan a tsara aikin, a rage lokacin da mutum ɗaya zai yi a wurin, a nisanta sauran. Takunkumi shi ne na ƙarshe, saboda ya dogara da mutum ya sa shi daidai kowane minti, kuma gemu ko girman da bai dace ba yana barin ƙura ta shiga ta gefe. Kamfanin da ya raba takunkumi ya tsaya a nan ya fara ne daga ƙarshen jerin.

14. Zan iya ƙin yin aikin da na ga zai halaka ni?

Za ka iya. Sashe na 13 na Yarjejeniya ta 155 ya kare ma'aikacin da ya janye daga aikin da yake da dalili mai kyau na ganin hatsari ne babba kuma na nan take. Sashe na 19 ya hana a mayar da shi kafin a gyara. Sharaɗin shi ne ka sanar da shugabanka nan da nan, ka faɗi takamaiman abin da ka gani, ka tsaya a wuri mai aminci kana jiran wani aikin. Tafiya gida ba tare da magana ba tana ba su damar kiran abin gudun aiki.

A ginin Rana Plaza na Bangaladash an ga tsagewa a bango a ranar 23 ga Afrilun 2013. Washegari aka umarci masu ɗinki su koma ciki, ginin ya rufta, sama da mutum 1,100 suka mutu.

15. Waɗanne alƙaluma ne ya kamata mai kula da aiki ya riƙe a ka?

Ƙarar sauti: desibel (ma'aunin ƙarfin sauti) 85 na tsawon awa 8 shi ne inda dokoki da yawa ke wajabta kariyar kunne. A ma'aunin da Turai ke bi, duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin da aka yarda gida biyu, wato awa 4 a 88, awa 2 a 91. Idan sai ka ɗaga murya kafin wanda ke mita biyu da kai ya ji, a auna wurin. Tsawo: a gine-ginen Amurka ana wajabta kariyar faɗuwa daga ƙafa 6, kimanin mita 1.8. Tsani yana jingina ne da tazarar mita ɗaya a ƙasa ga kowane mita huɗu a sama, kansa ya zarce wurin sauka da mita ɗaya. Rami mai zurfin mita 1.5 yana buƙatar tokare bango ko kwantar da gefensa.

Wuri rufaffe kamar tanki, rijiya ko magudana: iskar oksijin a sarari kashi 20.9 ce cikin ɗari, kuma ba a shiga idan ta gaza 19.5 ko ta haura 23.5. Ana aunawa kafin shiga, a bar mutum a bakin wurin da igiyar ceto. Da yawa daga waɗanda ke mutuwa a irin wannan wuri masu ceto ne da suka faɗa ciki ba shiri. Gyaran inji: a kashe daga tushen wuta, mai gyaran ya sa kwaɗonsa ya riƙe mabuɗin, a sauke ragowar matsi ko iska, sannan a danna maɓallin tayarwa don tabbatar da cewa ya mutu.

Sinadarai: kowanne yana zuwa da takardar bayani mai sassa 16. Sashe na 4 taimakon gaggawa ne, na 8 kayan kariya. Sinadarin da ya shiga ido ana wanke shi da ruwa mai gudu aƙalla minti 15. Kada a juye sinadari a kwalbar da babu lakabi. Ƙofar gudun gobara kuma ba a kulle ta lokacin aiki, darasin da aka koya a gobarar masana'antar Triangle ta birnin New York a 1911, inda mutum 146 suka mutu.

16. Na ji rauni a wurin aiki. Me zan yi, kuma sai na tabbatar da laifin kamfani kafin a biya ni?

Asibiti da farko, kuma ka gaya wa likita cewa a wurin aiki ne, ya rubuta haka. Sannan ka sanar da mai ɗaukar aiki a rubuce, ka ga an shigar a littafin haɗurra, ka ɗauki hoton wurin da sunayen waɗanda suka gani, ka adana rasit. Ko raunin ƙarami ne a rubuta, domin ciwon baya ko bugun kai yakan tashi bayan kwanaki.

Tsarin diyyar da ƙasashe da yawa ke bi, wanda Jamus ta fara a 1884, ba ya neman laifin kowa. Masu ɗaukar aiki suna zuba kuɗi a asusu ko inshora, asusun ya biya magani, wani kaso na albashi, diyyar nakasa, da hakkin iyalin wanda ya rasu. Ba a cire wannan kuɗi daga albashin ma'aikaci. Abin da ke kashe buƙata shi ne wa'adi. Dokar Najeriya ta 2010 ta ba ma'aikaci kwana 14 ya sanar, ta ba kamfani kwana 7 ya kai rahoto, ta kuma sa shekara ɗaya don neman diyya. A Amurka sai an sanar da hukuma mutuwa cikin awa 8, yankewar gaɓa ko kwanciya asibiti cikin awa 24. Idan kamfani ya miƙo kuɗi a hannu da sharaɗin yin shiru, duba tambaya ta 10.

17. Idan cutar ta bayyana bayan na bar aikin fa?

Har yanzu ana iya neman diyya. Cutar asbestos (wani ma'adini mai zare-zare da ake samu a kayan gini) takan ɗauki shekara 20 zuwa 40 kafin ta fito, kurumta da cutar ƙurar dutse ma a hankali suke zuwa. Ƙasashe suna da jerin cututtukan sana'a, ILO ma tana da nata da ta sabunta a 2010. Idan cutarka tana cikin jerin kuma ka yi aikin da ke jawo ta, a tsari da yawa ana ɗauka aikin ne sanadi sai an kawo hujjar akasin haka. Gwajin lafiya na lokacin ɗauka yana da amfani a nan, domin shi ke nuna yadda kunne ko huhu yake kafin a fara. A Birtaniya ana ajiye bayanan lafiyar masu aiki da asbestos shekara 40.

18. Dole ne kamfani ya horar da ni? Wa zai biya?

Horon kariya dole ne. Dokar Tarayyar Turai ta 1989 ta fayyace lokutansa: ranar ɗauka, lokacin canjin aiki, da lokacin kawo sabon inji ko sabuwar fasaha. Ana yin sa cikin lokacin aiki, kuma da kuɗin kamfani. Sa hannu a takardar halarta bai isa ba. Horon ya zama cikin harshen da ma'aikaci ke ji, a gwada masa a kan injin, a kuma ga ya yi da hannunsa.

Horon ƙara ƙwarewa kuwa gwamnatoci sukan tura shi ta hanyar haraji, saboda kowane kamfani yana tsoron ya horar wani ya ɗauke. Najeriya ta kafa Asusun Horar da Ma'aikata a 1971, kamfanonin da abin ya shafa suna biyan kashi 1 cikin ɗari na jimillar albashi, ana iya mayar musu da har rabi idan sun nuna horon da suka yi. Afirka ta Kudu ma kashi 1 take karɓa a ƙarƙashin dokar 1999. Birtaniya tun 2017 tana karɓar kashi 0.5 daga masu biyan albashin da ya haura fam miliyan 3 a shekara. Kamfanoni da yawa suna rasa kuɗin da za a mayar musu saboda ba su nemi amincewa kafin horon ba, ko ba su ajiye rajista da rasit ba.

Idan kamfani ya biya maka kwas mai tsada, yana iya sa sharaɗin ka zauna wani lokaci. Kotuna sukan yarda idan an sa hannu kafin horon, kuɗin shi ne ainihin abin da aka kashe, kuma yana raguwa da lokaci: wanda ya yi wata 18 cikin alkawarin shekara biyu rubu'i zai biya. Riƙe fasfo ko takardar shaidar karatu ta asali a matsayin jingina yana cikin alamun aikin tilas.

19. Mai koyon sana'a ma'aikaci ne? Daga shekara nawa ake farawa?

Shawarar ILO mai lamba 208 ta 2023 ta ce koyon sana'a mai inganci yana da yarjejeniya a rubuce, da alawus, da iyakar awanni, da hutu, da kariyar rauni, kuma yana ƙarewa da shaidar da aka amince da ita. A Jamus, bisa dokar 1969, mai koyo yana raba lokacinsa tsakanin kamfani da makarantar sana'a na shekara biyu zuwa uku da rabi, yana karɓar alawus. Idan babu manhaja, babu malami, aikin da ake yi kuma daidai yake da na sauran, to sunan koyo kawai aka sa, awon tambaya ta 4 ne zai yi aiki.

Yarjejeniya ta 138 ta 1973 ta sa shekara 15 a matsayin mafi ƙanƙanta, ƙasashe masu tasowa suna iya farawa da 14. Aiki mai hatsari sai 18.

20. Ina zan kai ƙorafi, kuma za a faɗa wa kamfani ni ne na kai?

Fara da ƙorafi a rubuce a cikin gida, sannan ƙungiya, sannan ofishin ƙwadago, sannan sasanci ko kotu. Yarjejeniya ta 81 ta 1947 ta ba sufeton ƙwadago ikon shiga wurin aiki dare ko rana ba tare da sanarwa ba, ya duba littattafai, ya yi wa kowa tambaya shi kaɗai, ya ɗebi samfurin sinadari, ya sa a tsayar da aiki mai hatsari. Ta kuma hana shi bayyana wanda ya kawo ƙorafi, ko ma nuna cewa ƙorafi ne ya kawo shi.

Wa'adin kai ƙara gajere ne fiye da yadda mutane ke zato. A Afirka ta Kudu kwana 30 ne daga ranar kora, ko daga ranar da kamfani ya yanke hukuncin ƙarshe na tabbatar da korar idan ta zo daga baya. Ba a fafe gora ranar tafiya: kwantiragi, takardun albashi, wasiƙun gargaɗi da amsoshinka, da rajistar awanninka, a ajiye kwafinsu a wajen wurin aiki, domin ranar da aka sallami mutum ake rufe masa imel da kwamfutar ofis.